Hatimi Biyu

Rana ta faɗa teku kamar an tsoma garwashi a randa,
an kora jakunan bakin ruwa gida.
Jakunan Blackpool ba su san mangala ba,
yara kawai suke ɗauka, a biya su da karas.
Ni kuwa yanzu za a ɗora mini nawa kayan.

Baƙar riga, waya a kunne, hatimi a hannu.
Tanimu sunana, ɗan Gashuwa,
amma a ƙofar nan Tani suke kira na,
sunan mace. Na gyara har na gaji, na bar musu.

Ƙarfe goma layi ya kai gindin fitila.
'Yan mata ba rigar sanyi, iskar teku na yankan su kamar aska,
suna dariya haƙora na kaɗawa.
Wata jibi aurenta, ƙawaye sun ɗora mata kambin roba,
tana kuka tana rawa, ban san wanne ne na gasken ba.
Kowa ya miƙo bayan hannu in buga masa tawada
kamar ranar zaɓe.

Kiɗan ciki ba ta kunne yake shiga ba,
ta tafin ƙafa yake hawowa ya zauna a haƙarƙari.
Ba kalangu ba ne, bai san kakan kowa ba,
ba ya kiran suna, ba ya roƙo,
dukan nan ɗaya ne, kamar ana daka a turmin da ba hatsi.
Giyarsu ban san ɗanɗanonta ba, warinta dai ya san rigata.
Shayina na bayan ƙofa, da citta da kanumfari.

Duk Asabar, sha ɗaya daidai, Clifford zai zo.
Ya haura saba'in, kwat ɗinsa a goge, takalmi na ƙyalli.
Kuɗin mutum biyu yake biya,
ya miƙo dama, ya miƙo hagu:
ɗaya nasa, ɗaya na Maureen,
wadda aka binne tun ban san akwai garin nan ba.
A ɗakin nan suka haɗu, in ji shi,
lokacin ana rawa da riƙe kafaɗa.
Yakan shiga tsakiya ya lanƙwasa hannu a kan iska
ya juya a hankali, kiɗa na gabas shi yana yamma,
samari buge-buge su matsa, su bar wa mutum biyu fili.

Yau dama kaɗai ya miƙo.
Na tsaya da hatimi a sama.
Ya ce, "Tun safe nake neman fuskarta, Tani.
Na tuna koren siket, na tuna turaren,
fuskar ce ta ƙi zuwa."
Bayansa ana ihu a yi sauri.
Na kamo hagun, sanyi ƙarara kamar ƙarfen ƙofa,
na buga.
Na ce shiga, wataƙila ta riga ka.

Ƙarfe huɗu aka kunna farar fitila,
kwalliya ta koma ruwa, kowa ya ga kowa.
Wani na amai a gindin bango yana kiran uwarsa,
wata ta rataye takalmi a yatsa tana taka yashi.
Tsuntsayen teku na dambe kan soyayyen dankali.
Clifford ya wuce ni bai ce uffan ba,
hannun nan dai a lanƙwashe.

Na zauna kan dakalin siminti kafin asuba.
Shekara uku takardar Larai na hannun hukuma.
Na rufe ido na gwada:
ga wushiryarta, ga tabon man gyaɗa a wuyan hannu,
ga ido, ga gira. Alhamdu lillahi, duk suna nan.
Duk da haka sai da na ciro waya na duba.

Teku na can na ta dakansa.
Shayin ya huce, na shanye a haka.